Wai mene ne ainihin "bureau"?

Ɗan Kawo: Jama'a, jiya na raka kawuna canjin dala a titin Ahmadu Bello, na ga allo an rubuta "Bureau de Change". Da dare kuma a labaran Turanci na ji hukumar ƙididdiga ta ƙasa ma "bureau" ce. To, wajen canji ne ko hukuma?

Malamar Barnawa: Ƙanena, daga Faransanci Turawan Ingila suka aro ta. Asali sunan wani yadi ne mai kauri da ake shimfiɗawa kan teburin rubutu. Sunan ya koma kan teburin, daga baya ya haɗiye ofishin ɗungurungum.

Baban Yara: A Amurka har durowar tufafi haka suke kiranta. "B" ɗin FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ma ita ce.

Ɗan Kawo: Na gode, Malama. Ashe ma "byuro" ake furtawa, shi ya sa kawu ya yi ta min dariya gaban 'yan canji.