"Zama da maɗaukin kanwa": ta hana wanda ya daina shan giya zuwa taron dangi?

Mai Neman Sani:
Barkanmu da warhaka. Wani abokina ya daina shan giya bai daɗe ba, ga shi hutun ƙarshen shekara ya ƙarato. Danginsu kan taru a irin wannan lokaci, kuma kawunnansa da yayyensa masu sha ne, kwalba ba ta sauka daga tebur har a watse. Ya nemi shawarar wani dattijo, shi kuwa bai ce masa komai ba sai: "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Abokin nawa ya ɗauka cewa an ce kada ya je ke nan. Mahaifiyarsa kuma ta ce in bai zo ba ya yanke zumunci. Masana, haka karin maganar take nufi?

Tsohon Malami:
Haka take nufi, ɗana. Mai ɗaukar kanwa ƙurarta ce ke zubo masa, kansa ya yi fari fat. Wanda ya zauna kusa da shi, ko bai taɓa kayan ba, sai ƙurar ta same shi. Abin da magabata ke nunawa shi ne hali yana naso, kuma ba ya neman izininka kafin ya nasa ka. Dattijon nan ya gama magana, ya dai yi ta cikin ladabi ne don kada a ce ya raba yaro da iyayensa.

Ƙanwar Maza:
Baba, a gafarce ni, ban yarda an ajiye ta a muhallinta ba. Ni duk inda na ji ana kawo wannan karin magana, a kan abokai ne, wato mutanen da kai ka zaɓo da ƙafarka. Uwa ce ke faɗa wa ɗanta idan ta ga ya fara yawo da 'yan iska. To wa ya zaɓi kawunsa? A kan dangi ai wata muke da ita: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sannan ni a fahimtata farin kan ma zargi ne, wato a gan ka da ƙura a ce kai ma sana'arka ke nan alhali ba ruwanka. Idan zargi ne kawai abin tsoro, wanda ya san bai sha ba me zai dame shi?

Tsohon Malami:
'Yata, fassarar zargin tana nan, ban musa ba, ana amfani da ita ta fuska biyun. Amma ƙura ba ta tambayar ko mai kayan ɗan'uwanka ne.

Nas Mai Dare:
Bari in sa baki a matsayin ma'aikaciyar lafiya, domin gardamar nan an daɗe da yin ta a asibiti ba tare da kanwa ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington ta Amurka, Alan Marlatt, ya yi shekaru yana bin diddigin abin da ke mayar da mutum ruwa bayan ya daina sha. Abubuwa uku ne suka fi fitowa: ɓacin rai, saɓani da wani, da matsin lambar mutane. Yanzu ku dubi taron dangi. Tsohuwar rigimar gado tana nan, mai gorin "har yau ba ka yi aure ba" yana nan, ga mai miƙo kofi yana cewa ɗaya kawai. Duka ukun a ɗaki guda.

Sannan ƙwaƙwalwa tana haɗa sha da abin da ya saba zuwa tare da shi: wari, ƙarar buɗe kwalba, fuskokin da aka saba sha da su, har kujerar da aka saba zama. Da ta ci karo da su sai sha'awa ta taso tun mutum bai yanke shawarar komai ba. Wannan ita ce ƙurar da Baba yake faɗa, kuma gaskiya ce. Sai dai akwai abin da karin maganar ba ta faɗa ba. Sha'awar nan ba ta dawwama. Takan hau, ta kai ƙololuwa, ta sauko da kanta, galibi cikin mintuna, muddin ba a biya mata ba. Mutum ya fita waje, ya kira wani a waya, ya dawo ya tarar ta lafa.

Na Bar Ta:
Ni abin ya shafe ni kai tsaye, don haka zan faɗi yadda nake karanta ta. An ce zama, ba a ce gaisuwa ba. Wanda ya tsaya ya gaida maɗaukin kanwa ya wuce, kansa ba ya fari. Mai shimfiɗa tabarma ne ke kwasa.

Taron dangi kashi biyu ne, duk wanda ya taɓa sha ya san haka. Akwai na farko, lokacin gaishe-gaishe da cin abinci da wasa da yara. Akwai na biyu, bayan an kai yara barci, murya ta fara tashi, ana maimaita labarin da aka bayar ɗazu. Zumuncin duk yana cikin na farko. Na biyun ba wanda zai tuna ko kana nan, har su masu shan. Saboda haka nakan je da wuri in tafi da wuri, kuma ba na yarda wani ne zai mayar da ni gida, domin ranar da ka dogara da motar mashayi sai ya ga dama za ka tashi. Kofina kullum yana hannuna da abin da ba giya ba, ni nake zuba wa kaina, in na ajiye shi na juya baya ba na sake ɗauka. Hannun da ke riƙe da kofi ba a cika miƙo masa wani ba. Kuma ba na zuwa da yunwa. A ƙungiyar masu daina sha ta Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a 1935 a garin Akron na Amurka, ana yawan gargaɗi da abubuwa huɗu: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Ranar biki kuwa mutum kan iya tara uku daga ciki kafin ya iso ƙofar gida.

Amsar da nake bayarwa gajeriya ce: "Na gode, ba na sha." Ba na kawo dalili. Duk dalilin da ka kawo, kawu zai samo masa magani.

Ɗan Autan Zaure:
Wallahi wannan ta ƙarshe gaskiya ce. Ka ce ciki ke damunka, ya ce ai ita ce maganin ciki.

Tsohon Malami:
Na Bar Ta, na ji daɗin bayaninka, amma kai ka yi ƙwari. Tambayar da aka yi a kan wanda bai daɗe da dainawa ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa wannan bangonsa ko bushewa bai yi ba. Kowa yakan shiga da niyyar tashi da wuri. Sai uwa ta ce haba, tun yanzu? Sai ya ƙara rabin awa don kunya. Ni ban ga laifin ya tsallake na bana ba, ya je washegari da safe ya gaida mahaifiyarsa, ya zauna da ita su biyu. Zumunci a ƙafa yake, ba a ce sai ranar da aka buɗe kwalba ba.

Ƙanwar Maza:
To Baba, a nan mun kusa haɗuwa. Abin da ke ba ni haushi dai shi ne kullum wanda ya daina ake ɗora wa nauyin, shi zai ɓuya, shi zai yi dabara. Me ya hana a ce wa maɗaukin kanwar ya sauke kayansa a waje na yini ɗaya? Idan uwar tana son ɗanta ya zo, ita ce ke da bakin da za ta ce wa ƙannenta bana ba a sha a gabansa. Amma fa sai ya gaya mata gaskiyar halin da yake ciki tukuna. Ina zargin ba ta san girman abin ba, shi ya sa take kiransa yanke zumunci.

Nas Mai Dare:
Yaya, shawararki tana da kyau, kuma dangin mashaya ma suna da tasu ƙungiyar, Al-Anon, tun 1951, saboda irin wannan ruɗanin. Sai dai a yi hattara da abu guda. Idan a cikin kawunnan akwai wanda jikinsa ya riga ya dogara da giya, mai sha kullum da yawa, tsayar da shi farat ɗaya yana da haɗari. Yakan fara da karkarwa da zufa, yana iya kaiwa ga farfaɗiya, ko ruɗewa mai tsanani bayan kwana 2 zuwa 3, wadda takan yi kisa idan ba a kai asibiti ba. Irin wannan a roƙe shi ya sha nasa a wani wuri ya fi a ce ya daina yau.

Shi kuma abokin Mai Neman Sani, ko zai je ko ba zai je ba, ya ga likita kafin hutun. Akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da ke rage sha'awar, mutane da yawa ba su san da su ba. In kuma ya je ƙaddara ta sa ya kurɓa, Marlatt ya yi bayanin tarkon da ke biyo baya: mutum ya ce tunda na karya shi ke nan, bari in ƙarasa. Wannan tunanin ne ke mayar da kofi ɗaya ya zama mako guda. Ya ajiye kofin, ya bar wurin, ya kira wanda ya amince da shi a daren, kada ya bari sai gari ya waye.

Na Bar Ta:
Ya kuma sanar da mutumin tun kafin ranar cewa zai iya kiransa, don kada ya kira ya tarar waya a kashe.