Shawarwarin masu Peugeot 504 kan gyaran ƙafafun mota

A tattaunawar da masu tsohuwar Peugeot 504 suka yi da wasu makanikai, an fi daɗewa a kan robobin ƙasan mota, wato bushin. Motar ta fito a 1968, an kuma yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna, don haka robobin yawancinsu zafi da tsufa sun busar da su. Kowa ya yarda a fara da su kafin a zargi shokozoba. Wani dattijon makanike ya ja kunne cewa kada a ɗaure kusoshinsu tamau sai an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bushin da ake yankowa daga tsohuwar taya kuwa, an ce na fita kunya ne kawai, kuma ina ganin gaskiyarsu.

Shokozoba bibbiyu ake canza shi, hagu da dama. A danna gefen motar a saki. In ta ci gaba da lilo, ko mai na zuba, ya mutu.

An yi saɓani kan sa sifirin mai tauri. Masu ɗaukar kaya suna so, sauran suka ce yana kashe laushin tafiyar da aka san 504 da shi. Sai dai duk sun haɗu a kan duba tsatsa a mazaunin shokozoban gaba, da saita tayoyi bayan an gama aiki.