Wa Ke Tafiya, Mu Ko Kaza?

Baba Na-Gona: Salamu alaikum masu alƙalami. Ga tawa a kan taurari, mai amsa bismilla.

Kaza da 'ya'ya ta fito da almuru,
Can gabas, hunturu na kaɗawa.
Kafin assalatu ta gangara yamma,
Kare da Zomo suna biyowa.
'Yan boko sun ce ba ta motsi,
To wa ya kai ta wurin faɗuwa?

'Yar Damagaram:
Baba, Allah ya ja da ranka,
Ƙasar da ka taka ke juyawa.
Daga yamma take nufar gabas,
Digiri 15 a awa, ba tsayawa.
Mai jirgin ƙasa in ya leƙa taga,
Sai ya rantse itatuwa ke wucewa.

Baba Na-Gona:
'Yata, in har ƙasa ke juyi,
Me ya hana randata tuntsurewa?
Ai da na kwanta Gumel da daddare,
In farka Barno gari na wayewa!

Ɗan Zango Kumasi: Kai! Baba ya gama magana. Malama a tattara alli a tafi gida 😂

'Yar Damagaram:
Da kai da randa da Gumel da Barno,
Tare kuke tafe, babu rabuwa.
Sa ido gobe bisa kan kukarka,
Da minti 4 Kaza za ta riga zuwa.
A wata guda sun zama awa 2,
Don rana muke ta kewayawa.
In Mayu ya yi nisa nemi Kazar,
Hasken rana ya gama rufewa.
Ɗan kanzagi, kai ina baitinka?
Ko ba ka iya sai tafi da shewa?

Alaramma Mai Zaure: Ku sassauta. Malamanmu sun daɗe da ƙididdige wannan da manzilai, wato taurarin da ake lissafin shekara da su.

Manzilai 28 ne a lissafi,
Kowace kwana 13 take ɗaukewa,
Jabha kaɗai ke da 14, ka tara duka ka samu 365 cif babu ragowa.
Kazarku Surayya ce, Dabaran na bin ta,
Haƙ'a ta kama, sungumi ke fitowa.

Sarkin Aruli: Gafarta Malam, ɗangon nan na uku ba ɗango ba ne, kalanda ce. Ina ƙirga gaɓoɓinsa numfashina ya ƙare. Ba karin Mutaƙarab ba, ba na Rajaz ba. Kuma ku duka, amsa-amon "wa" na malalata ne. Kowane aikatau ka manna masa "wa" sai ka ce ka yi waƙa.

Alaramma Mai Zaure: Ilimi na kawo, ɗana, ba kiɗa ba.

Sarkin Aruli: To a rubuta shi a zube mana, wa ya hana?

Ɗan Zango Kumasi: Mai gyaran waƙar mutane, tun bara ba mu ga baitinka ko ɗaya ba.

Sarkin Aruli: Ga shi, a koya:

Zara matar wata, sarauniya,
Da almuru ke kika sha kwalliya.
Gamzaki mai asuba, jan gwarzo,
Taurari biyu masu haska duniya.

'Yar Damagaram:
Karinka ya zauna, ban musa ba,
Ilimin ne ya karye a tsakiya.
Zara da Gamzaki abu guda ne,
Zuhura ce, 'yar'uwar duniya.
Ba ta da wutar kanta ko ƙyas,
Na rana ta ara ta yi kwalliya.

Hajiya Mai Lalle: Ayyururui! Damagaram ta ɗau tuta. Maza a ja gefe.

Ɗan Zango Kumasi: Hajiya wannan son kai ne. Da Baba ya yi nasa ba mu ji guɗarki ba.

Madugu Agadas: Afuwa jama'a, sabis ya ɗauke mana kwana biyu. Baitin Baba na can sama nake amsawa.

Akwai tauraruwar arewa, ba ta tashi,
Sauran ita suke kewayawa.
Tana saitin sandar juyin ƙasa,
Shi ya sa ba ka ganin gusawa.
A Agadas digiri 17 ta hau,
A Kano 12 take tsayawa.
Ɗan Zango, naku 7 ne da ƙyar,
Bishiyar koko ma na tarewa.

Ɗan Zango Kumasi:
Madugu riƙe tauraruwarka,
Mu ruwan sama ke mana zubowa.
Goron bakinka daga ina ya zo?
Ko shi ma a Bilma ake haƙowa?

Baba Na-Gona: Yau dai ɗan Zango ya yi baiti. Allah ya yi albarka.

Sarkin Aruli: Kun koma wa "wa" ɗin nan kuma. Madugu, don Allah "digiri 17" da wane baki ake rera shi?

Madugu Agadas: Da bakin da ka raba Zuhura biyu.