Wuskin Japan da aka kawo mini tsaraba: in sha ko in sayar?

Ɗan Narayi:
Jama'a barkanmu da war haka. Mijin ƙanwata ya dawo daga kwas a Japan, ya kawo mini kwalba ɗaya, an rubuta Hibiki Japanese Harmony a jikinta. Ni kuwa iyakata Star mai sanyi a Sabon Tasha ran Asabar, sai burukutu in na je gida Kirsimeti. Na nuna wa wani mai sayar da giya a Barnawa hotonta, nan take ya taya da kuɗin da ya fi na buhun shinkafa. Tun ranar nake ta saƙe-saƙe. Wai me ke cikin kwalbar nan?

Kawu Kakuri:
Ɗana, na daɗe ina zuba wa baƙi wuski a otel kafin in ajiye aiki, bari in tsakura maka. Hibiki na kamfanin Suntory ne, sun fara fitar da shi a 1989, shi kuma Harmony ɗin nan sai 2015. Gauraye ne: na sha'ir daga matatun wuskinsu na Yamazaki da Hakushu, sai na hatsi daga matatar Chita, a haɗa su har bakinsu ya zo ɗaya. Yamazaki ɗin ce uwa, tun 1923 aka kafa ta. Ƙarfinsa kashi 43 cikin ɗari. Ƙirga gefunan kwalbar, za ka samu 24, adadin lokutan shekara ne a tsohuwar kalandarsu.

Amma duba da kyau, ba a rubuta shekaru a jiki ba. Da can akwai Hibiki mai shekara 17, a 2018 suka dakatar da shi saboda tsohon wuskin da ke gangunansu ya yi ƙaranci, duniya ta yi musu rubdugu. Wannan ƙarancin ne ya ja farashin sama, har na ƙananan irin naka. A bakina dai yana da laushi, ƙamshin zuma da ɓawon lemu, ba ya kartar maƙogwaro. Daɗi kam akwai. Sai dai in da kuɗina zan saya, wallahi rabin abin da zan biya na suna ne da kwalba. In ka buɗe, don Allah kar ka zuba masa Coke. Ɗan kaɗan a tambulan, ka shinshina tukuna, sannan ɗigon ruwa.

Mai Lissafi:
Kawu ya gama magana. Ƙarina ɗaya: ba duk kwalba mai rubutun Japan ba ce ta Japan. Da, wasu kan sayo wuski daga Sukotland su ɗura a can. A 2021 ƙungiyar masu yin giya ta ƙasar ta sa ƙa'ida: a tace shi a Japan, ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako a can, a ɗura shi a can. Hibiki ya cika sharaɗin. Kuma in ka shanye, kar ka sayar wa kowa kwalbar, da irinta ake ɗura jabu.

Hajiya Tudun Wada:
Ni ba ruwana da ɗanɗano, addinina ya hana. Amma Kaduna fa ba ta da girma. Ranar da surukinka ya hango tsarabarsa a kantin Barnawa, da wane ido za ka kalli ƙanwarka?

Ɗan Narayi:
Hajiya kin ɗaure ni da jijiyata. Jiya bayan coci na kira shi, muka aika aka sayo balangu, muka buɗe. Kawu, zumar na ji ta, lemun ne har yanzu nake nema. Shi kuwa mai tsarabar, kurɓa ɗaya ya yi ya tambaya ko akwai Coke a firij.