Muhawara: Waya ta binne na'urar sauraro, ko da sauran numfashinta?

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni dai ina nan kan bakana: zamanin na'urar sauraron waƙa ta musamman ya wuce. Kamfanin Apple da ya fito da tasa na'urar mai suna iPod a 2001 ya daina ƙera ta a watan Mayun 2022. Idan mai abu ya naɗe tabarmarsa, me ya rage? Ga manhajojin sauraron waƙa a waya irin su Boomplay da Audiomack, Spotify ma ta shigo Najeriya tun 2021. Duk wanda ya sayi na'urar MP3 yau, ga waya a aljihunsa, ɓarnar kuɗi ya yi.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam. Auta, Apple ba shi kaɗai ne a kasuwar ba. Sony da ya fara na'urar sauraro ta Walkman a 1979 bai daina ba, ko a 2023 ya fitar da sabo. Akwai kamfanonin FiiO da Shanling daga China, akwai Astell&Kern daga Koriya ta Kudu. Kamfani ba ya ƙera abin da ba a saya. Kuma manyan wayoyin nan su suka fara juya wa masu sauraro baya: iPhone 7 ta cire ramin iyafis a 2016, Galaxy S21 ta zo a 2021 ba wurin sa memori.

Auta: Oga, waɗannan da ka lissafa na masu hannu da shuni ne, wasunsu sun fi wayar kanta tsada. Mu da ke riƙe da Tecno da Itel da Infinix, yawancin wayoyinmu da ramin iyafis da wurin memori duk suna nan.

Kawu Direba: Yaro, ka manta da wadda ta fi kowace yawa a ƙasar nan. Ƙaramar rediyon nan mai cin memori, ita ma ai na'urar sauraro ce. Shiga kowace tasha ka duba teburin mai shayi, ka duba mai faci, ka duba mai gadi da dare. Ni daga Kano zuwa Legas nake ɗaukar kaya. Akwai dajin da za ka yi tafiya mai nisa babu sabis, to ina Audiomack ɗinka a nan? Sannan wayata ta aiki ce. Mai kaya zai kira, iyali za su kira, idan mota ta lalace da ita zan nemi makaniki. Ba zan ƙarar da cajinta a kan waƙa da tafsiri ba. Rediyon kuwa ƙaramin batir irin na tsohuwar Nokia take ci, in ya mutu na zare na sa wani.

Auta: Kawu, ai ana saukewa a waya tun daga gida a saurara ba data. Caji kuma ga mota.

Kawu Direba: A mota akwai caji, gaskiya ne. A ƙauyenmu fa, inda ake biyan kuɗi a shagon mai janareto kafin a yi wa waya caji?

Malama: Ku ba ni dama in sa baki, don wannan maganar ta shafi aikina. Ina koyar da hadda a Islamiyya. Yaron da ke hadda yana bukatar ya ji ƙira'a ɗaya ana maimaita masa ita har ta zauna. Iyaye da yawa suna miƙa wa yaro wayarsu da kyakkyawar niyya. Kafin a gama shafi guda saƙo ya shigo, ko an kira, ko yaron ya zame ya shiga TikTok. Ba laifinsa ba ne, an ƙera wayar ne don ta ja hankali, manya ma ba su tsira ba. Na'urar da babu komai a cikinta sai karatu ba ta da wata ƙofa da zai bi ya fita. Shi ya sa nake ba iyaye shawarar su sayi ƙaramar, su zuba izun da yaro yake kai, su bar masa ita a hannunsa. Abin da kake gani a matsayin gazawarta, Auta, wato ba ta iya komai sai abu ɗaya, shi ne dalilin da nake son ta.

Auta: Malama, Allah ya ƙara basira. Amma ana iya kashe data a miƙa masa.

Malama: Ɗan shekara 9 na yanzu ya san inda ake kunna ta. Kuma uwa ba za ta rabu da wayarta awa biyu kullum ba.

Ɗalibin Injiniya: Ni ina tare da Auta a ɓangare guda. Maganar da ake yi cewa na'ura ta musamman ta fi waya daɗin sauti gaskiya ce a kan masu tsadar, don sashen da ke mayar da bayanan dijital zuwa sauti da wanda ke ƙara ƙarfinsa sun fi inganci. Amma sai kana da iyafis mai kyau da fayil irin FLAC wanda ba a rage ingancin sautinsa ba. Da iyafis na bakin titi da MP3 da ya bi ta WhatsApp, ba kunnen da zai ji bambanci. Inda na rabu da Auta shi ne lissafi. Fayil ɗin MP3 na yau da kullum yana cin kusan megabait 1 a minti. Memori mai giga 8 zai ɗauki sama da awa 120, sau ɗaya ka biya. A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Mai sauraro ta intanet kullum shi ya san abin da ke fita daga aljihunsa.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ku tuna da tsofaffi. Mahaifiyata ba ta karanta boko, idonta kuma ya yi rauni. Wayar shafawa ba ta da amfani a wurinta. Rediyonta mai memori kuwa da laluben yatsa take gane maɓallan: wannan na gaba, wannan na baya, wannan na ƙara murya. Ba ta jiran jika ya dawo daga makaranta kafin ta ji wa'azinta. Ga kuma masu ƙwacen waya. Wa zai tare ka da wuƙa saboda 'yar rediyo?

Auta: Hajiya, a kan tsofaffi da 'yan hadda ba ni da ja. Amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Memorin nan a wurin masu turi ake cika shi, kuma mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo ko sisi ba ya gani. A manhajojin waya, komai ƙanƙantarsa, wani abu na isa gare shi. Wannan haƙƙi ne, kuma yana damuna.

Malama: Wannan kam ka yi gaskiya. Karatu da wa'azin da masu su suka yarda a yaɗa daban, waƙar da mutum ke ci da ita daban. Amma laifin na hanyar da aka samo waƙar ne. Wanda ke turawa ta Xender daga waya zuwa waya ma bai biya kowa ba.

Mai Gyaran Waya: Duk mai niyyar saye ya kula da memorin jabu. Za a rubuta giga 32 a jikinsa, ka zuba abin da bai kai rabi ba fayiloli su fara lalacewa. A zuba maka a gabanka, ka kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin ka bar shagon.