Wai labarin maciya amanan nan na Norwe da gaske ne?

Ɗan Ringim:
Salam 'yan uwa. Ƙanina ne ya zo min da wani littafin leƙen asiri daga Kano, labarin Norwe lokacin yaƙin Hitila, da daddare nake karantawa da tocilan in na dawo daga gona. Wallahi ba wanda zaka yarda da shi a ciki, ɗan sanda da rana yana yi wa Jamusawa aiki da dare kuma yana ɓoye masu yaƙarsu. Hakan ta faru ko ƙirƙira ce?

Malamin Gumel:
Akwai ƙamshin gaskiya ɗana. Ranar 9 ga Afrilu 1940 Jamus ta afka wa Norwe da Denmak, Quisling kuma ɗan ƙasa ne ya zama karen farautarsu, a 1945 aka harbe shi. Gida ɗaya sai ka ga wa yana jam'iyyar Quisling, ƙane yana cikin masu turjiya.

'Yar Dambatta:
Maƙwabciyarsu Suwidin fa malam? Wai 'yar ba-ruwanmu, amma tana sayar wa Jamus tama, kuma ita ta karɓi Yahudawan Denmak wajen 7,000 da masunta suka tsallakar a 1943. Raba ƙafa kenan.

Ɗan Ringim:
Ni dai matar ɗan sandan nake zargi. Saura shafi 40 batir ya mutu, sai ran kasuwa.