Satar magana a oba-oba: wa ya saci wa?

Ɗan Bolari: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu 'yan sintirin unguwarmu mun yi karo-karo mun sayi oba-oba guda shida, mai shagon kuma ya rantse mana cewa muddin muka sa su duka a kan lambar sirri ɗaya, babu mahalukin da zai ji maganarmu. Sai ga shi da safiyar yau mai gadin wani gidan mai ya maimaita mini duk abin da na faɗa wa yarana da ƙarfe biyun dare, har da tarin da na yi a tsakiyar magana. Ni dai na yanke cewa waɗannan lambobi yaudara ce tun ranar da aka ƙirƙiro su, kuma satar maganarmu ake yi.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka janye kalmar sata, domin mai gadin nan bai ɗauki komai naka ba. Abin da ake ce wa lambar sirri wani siririn amo ne da oba-oba ke ɗorawa a ƙarƙashin muryarka, mai girgiza tsakanin sau 67 zuwa kimanin 250 a daƙiƙa guda, kuma na'urar tana tace shi kafin ya iso kunne. Aikinsa ɗaya ne: lasifikar ɗan'uwanka ba za ta buɗe ba sai ta ji amon da kuka yi yarjejeniya a kansa. Ka ga kenan kunnenku yake karewa daga hayaniyar wasu, bakinku kuwa a fili yake, duk wanda ke kan zangonku bai sa wata lamba ba zai ji ku tas. Kamfanin Motorola ya sa masa suna PL, ma'ana layin keɓe, sunan ne ya bi mutane har yau.

Ɗalibi a Kashere: Da izinin Baba, in dai ana neman inda aka yi sata da amo, to a Amurka ne. A wajajen 1957 wani yaro makaho mai suna Joe Engressia ya gano cewa idan ya yi fito da bakinsa a daidai girgiza 2600, layin nesa yakan ɗauka an ajiye waya, abin da ya buɗe ƙofar yin kiran nesa ba tare da biya ba. Daga baya John Draper ya yi suna da usur ɗin roba da ake sakawa kyauta a kwalin abincin yara, domin wannan amon yake fitarwa. Har Steve Wozniak da Steve Jobs sun ƙera ƙananan akwatuna masu kwaikwayon sautunan madannan waya suna sayarwa, kafin su kafa Apple a 1976.

Baba Injiniya: Ka kawo labari, amma ka cakuɗa abu biyu. Sautunan madannai, waɗanda kamfanin Bell ya fito da su a watan Nuwamban 1963, na mai kira ne: kowane madanni amo biyu ne a haɗe, lamba 5 misali 770 ce da 1336. Akwatunan da kake magana kuwa sautunan da cibiyoyin waya ke yi wa junansu suke kwaikwaya, kuma daban suke. Mu da muka riƙe tarho mai faifan juyawa, wanda ke katse layi sau goma idan ka juya sifili, ba a littafi muka karanta wannan ba.

Hajiya ta Jekadafari: Ni tambayata, yaron da ya yi fito da bakin da Allah Ya ba shi, ta ina ya zama ɓarawo? Kamfani ne ya sa umarninsa a hanya ɗaya da muryar mutane, ya bar ƙofa a hangame.

Malam na Pantami: Hajiya, ƙofa a buɗe ba ta halatta kayan ɗaki. Wanda ya yi kiran nesa bai biya ba ya ci haƙƙin wani, ko da fito ya yi shi ko da akwati. Kuma tunda daga ƙarshe kamfanonin sun raba hanyar umarni, wadda ake kira SS7, da ta murya, ai sun nuna asara suke yi.

Hajiya ta Jekadafari: Malam, da wannan hujjar taka, mai gadin gidan man ma ya yi sata kenan, tunda ba da shi ake magana ba ya saurara. Ka ga ka saɓa wa Baba ba ka sani ba.

Malam na Pantami: Ban saɓa wa Baba ba, kuma ina roƙon kada a haɗa ni faɗa da dattijo.

Ɗalibi a Kashere: Ina girmama Baba, amma zamanin faifai ya wuce tun zuwan GSM Najeriya a 2001. Wayar hannu ba ta tura lamba da amo, a rubuce take aika ta, ƙarar da muke ji a madanni ta lallashin kunne ce kawai.

Baba Injiniya: To idan ka kira banki murya ta ce ka danna 1, da me na'urarsu take gane ka? Wayarka ce ke aika saƙo, cibiya ta fitar da amon nan na 1963, 697 da 1209. Abin da ka ce ya wuce shi ke duba maka kuɗin asusunka.

Ɗan Bolari: Jama'a, ni fa tambayata ita ce ko in mayar wa mai shagon kayansa.

Mai kula da zaure: A taƙaice, Baba Injiniya, wanda a hannunsa na fara riƙe sukudireba, ya warware komai tun a amsarsa ta farko, sauran maganganun duk ƙari ne. Ɗalibinmu ya yi ƙoƙari amma ya yi gaggawar gyara wa manya, Hajiya kuma ta ja zancen zuwa inda ba a nufa ba. Batun mayar da kaya ba hurumin wannan zaure ba ne. Na rufe sharhi sai bayan sallar isha'i.